Ranar da Injiniya Ya Buɗe Baki

Da yammacin ranar, falon gidan Injiniya cike yake da annashuwa. Fanka na juyawa a hankali, shi kuma ya cire takalmin aiki ya kishingiɗa a doguwar kujera da kofin shayi a hannu. 'Yarsa tilo, wadda kowa ke kira Tsuntsuwa saboda surutun da ta taso da shi tun tana rarrafe, tana zaune a kan kafet ta baje littattafan makaranta, amma idonta na kan talabijin. Yayarsa kuwa, Yaya Babba, tana gefe tana ninke wanki.

Wasan kwaikwayon nan mai dogon zango ake nunawa, labarin wani direban bas da matarsa da 'yarsu budurwa. Injiniya na kallo yana wani murmushi da ya kasa ɓoyewa, domin ya san wadda ta rubuta wasan. Ba sani kawai ba, ita yake shirin aura.

Ana cikin haka sai matar direban ta zaunar da 'yarta a bakin gado, ta fara yi mata bayanin jinin al'ada da yadda ciki ke shiga, babu karin magana, babu kewaye-kewaye. Kafin ta dire zancen, Yaya Babba ta yar da rigar da ke hannunta, ta wawuri rimot ta kashe talabijin ɗin.

"Wannan shi ne aikin matar da za ka kawo mana gida?"

Tsuntsuwa ta buɗe baki za ta ce ai ba wani abu ba ne, Goggo, amma harara ɗaya ta mayar mata da maganar ciki. Ta tattara littattafanta ta shige ɗaki. Injiniya ya ajiye kofinsa, shayin ya fita daga ransa.

Shi dai ba injiniyan jami'a ba ne. Gyaran talabijin da rediyo yake yi, masu kawo masa aiki ne suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Matarsa ta rasu tun Tsuntsuwa na ƙaramar firamare, kuma Yaya Babba, da gidanta ke bayan nasa, ita ta tsaya a kan yarinyar. Ita ce kitso, ita ce zazzaɓi, ita ce ɗinkin yunifom duk lokacin da ya yi kaɗan. Shi ya sa maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a gidan, kuma shi kansa bai taɓa son ta faɗi ba.

Marubuciyar kuwa a shagonsa ya fara ganinta. Ta kawo wata tsohuwar talabijin da hotonta ke rawa, ya ba ta shawara ta sayi sabuwa, ta ce a'a, a irin wannan ce yawancin masu kallo ke ganin aikinta, don haka a irinta take son ta gani ita ma. Shekaru ta yi tana aikin jinya a ɗakin haihuwa, shi ya sa har yau Sista ake ce mata. Ta gaya masa abin da ya raba ta da asibiti. Ta gaji da karɓar ƙananan yara mata da ciki, wasunsu ba su ma san ta yadda abin ya faru ba, iyaye kuma na baranda suna kuka suna cewa ba su taɓa zato ba. Ta ce ta ga in ta tsaya a nan, kullum sai bayan ɓarna za a zo mata, gara ta shiga falon mutane tun kafin ɓarnar.

Gyaran da bai kai na yini guda ba Injiniya ya yi ta jan sa, yau babu kaza, gobe a dawo, har wata rana ta dube shi ta ce in magana ce a bakinsa ya faɗa, ya daina wahalar da talabijin ɗin mutane. Ya faɗa, ta kuma amsa. Tsuntsuwa ma ta karɓe ta hannu bibbiyu, tana ce mata Anti Sista.

Ga shi yau Yaya Babba ta zauna a gabansa tana hawaye. Ta tuna masa marigayiya da amanar da ta bari, ta ce ita ba ta raini yarinya har ta kai shekara goma sha biyar don a zo a buɗe mata ido da rana tsaka ba. Abin da yaro bai sani ba, in ji ta, ba ya nemansa. Sharaɗi biyu ta kafa: ba za a sake kunna wasan nan a gidan ba, sannan matar ta bar rubuta wannan rashin kunya kafin a yi maganar aure. In ba haka ba, ita ta zare hannunta daga komai nasa.

Injiniya ya ga gaba kura baya sayaki. Ya amince da na farko nan take, na biyun ya ce zai je ya same ta.

Ofishin Sista ɗaki ne a saman bene, farin allo cike da rubutu a bango ɗaya, tebur da kwamfuta a ɗaya, 'yan wasa kuma na bita a ɗakin da ke kusa, ana jiyo muryoyinsu ta bango. Ya zauna ya yi ta kame-kame, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya gyara mata soket ɗin da bai lalace ba. Ta bar shi har ya gama, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa.

Ba ta ɗaga murya ba, fuskarta ma ba ta canza ba.

"Ina son ka, Injiniya, ka kuma sani. Yayarka ina ganin girmanta, don ta yi maka abin da ba kowa zai yi ba. Amma ba zan shiga gidan da sai na ajiye alƙalamina a bakin ƙofa ba. Ka je ka yi tunani. Ba na gaggawa, ba na kuma fushi."

Da ya miƙe zai tafi sai ta tambaye shi, wa ke yi wa Tsuntsuwa irin wannan magana a gida? Ya ce ai goggonta na nan. Ta ce ya taɓa tambaya ko an yi? Ya tsaya da hannu a kan marfin ƙofa, sannan ya sauka.

Makonni suka shuɗe. Ya daina hawa benen, sai gaisuwa ta waya, ita ma a gajarce. Sista ba ta bi shi da ƙorafi ba, ba ta aiko kowa ba, in ya kira ta amsa da fara'a, in bai kira ba ta ci gaba da aikinta. Wannan shirun nata ya fi faɗa cin ransa. Sau da yawa yakan riƙe ƙarfen solda har ya huce a hannunsa bai narka komai ba.

A gida kuma Tsuntsuwa ta daina kuka irin nata na tsuntsaye. Yarinyar da ke tarye shi tun daga ƙofa da labarin wa ya faɗi a jarrabawa, wa malami ya kora, sai ta koma sannu da zuwa kawai. Abinci ta taɓa ta ture. Wayar da ya saya mata don karatu kullum tana kife, in ta yi ƙara sai ta zabura kamar an tsikare ta. Ya yi wa Yaya Babba maganar, ta ce girma ne ke zuwa, natsuwa ce, ai ga amfanin kashe wasan nan tun ba a je ko'ina ba. Ya yarda, don yardar ta fi masa sauƙi.

Wata rana bayan an tashi makaranta, Tsuntsuwa ta biyo ta shago karɓar makullin gida. Shagon ɗan tsukuku ne, kantoci har rufi cike da talabijin da aka buɗe bayansu, warin narkakkiyar dalma ya cika ko'ina. Yana bayan wata babba yana aiki, ya jingina madubi a gabanta don ya riƙa ganin hoton ba sai ya zagayo ba. Waɗanda ya gama gyarawa kuma ya bar su a kunne yana gwaji, duk a tasha ɗaya, tashar kuwa tana maimaita wasan Sista. Dokar Yaya Babba ba ta kai shago ba.

A cikin wasan, direban bas ya gano wani mutum na turo wa 'yarsa saƙonni. Yarinyar ta durƙusa ta kare kanta da hannu tana jiran duka. Sai direban ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce mata duk abin da ya faru, shi za ta fara gaya wa, zai iya yin fushi amma ba zai taɓa juya mata baya ba.

Injiniya ya ɗaga ido don ya duba launin hoto, sai ya hango fuskar 'yarsa a gefen madubin. Tana tsaye da jaka a kafaɗa, makullin a hannu, hawaye na gangaro mata ba ta ko sharewa.

"Baba," ta ce ba tare da ta juyo ba, "da gaske akwai uban da zai faɗi haka? Ko dai a fim ne kawai?"

Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, lafiya kuwa? Ta ce lafiya lau, ta goge fuska da bayan hannu, ta fita da sauri. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Mutumin da ke gane ciwon talabijin daga ƙararta kawai, ga 'yarsa ta yi makonni tana ƙara a gabansa bai ji ba.

Ya kashe komai, ya ja ƙofar shago, ya nufi benen da ya ƙaurace wa. Sista ta ga fuskarsa ta sallami waɗanda ke tare da ita. Ya ba ta labari, sannan ya roƙe ta don Allah ta zo ta yi magana da yarinyar, ita mace ce, ita ta san kan abin, shi namiji ne, kunya ba za ta bar shi ba.

"Ba ni ta tambaya ba," in ji Sista. "Kai ta tambaya. In na zo na amsa a madadinka, na tabbatar mata a fim ne kawai."

Ya ce to ta ina zai fara, shi da ko sunan abin bai taɓa furtawa a gaban yaro ba? Ta ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ya kira ta ɗaki ya rufe ƙofa kamar kotu, ya nemi inda hannuwansu za su kasance cikin aiki, idonsu ba lallai ya haɗu ba. Kada ya fara da tuhuma, ya fara da bayarwa. Ya kira abu da sunansa, ya bar karin magana, don yaro a cikin tsoro ba ya warware karin magana. In kuma ta buɗe baki, duk abin da ya ji ya riƙe fuskarsa, domin fuskar da ta gani a wannan lokacin ita za ta yanke ko za ta sake gaya masa wani abu har abada. Abin da ya shafi jikin mace wanda za ta ji nauyinsa, ita tana nan, amma sai in yarinyar ce ta nema.

Bai ce komai a kan maganar aurensu ba, ita ma ba ta tayar ba. Ta dai rako shi har bakin matakala, abin da ba ta saba ba.

Washegari babu makaranta. Da safe ya ce wa Tsuntsuwa ta zo ta taya shi gyara shago. Ya zube mata gwangwanin kusoshi a kan benci ta ware manya da ƙanana, shi kuma ya ɗauki wata rediyo ya buɗe, ba don tana da ciwo ba. Ya yi gyaran murya har makogwaronsa ya yi zafi. Duk da gargaɗin da aka yi masa, da ya fara sai ga shi a kan wayar lantarki: yadda waya mai rufi take da lafiya, yadda wadda rufinta ya ɓare take da haɗari, yadda ba kowa ya kamata ya taɓa ba.

Ta ɗago ta dube shi da jajayen idanu, wani guntun murmushi ya suɓuce mata.

"Baba, in laccar lantarki ce, mun yi ta a fiziks."

Dariya ta ƙwace masa, ita ce kuma ta kwance masa harshe. Ya ajiye sukudireba, ya yi ta maza, ya fara magana kai tsaye. Ya gaya mata canjin da take gani a jikinta ba ciwo ba ne, ba abin kunya ba ne, haka Allah ya tsara wa kowace mace, kamar yadda ya tsara wa maza nasu. Ya gaya mata sha'awa tsakanin namiji da mace gaskiya ce, za ta ji ta in ba ta riga ta fara ji ba, kuma jin ba laifi ba ne, sai dai abin yana da muhallinsa da lokacinsa, shi ne aure. Ya faɗi yadda ciki ke shiga, ya faɗi cututtukan da ake ɗauka, gumi na karyo masa, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce jikinta nata ne, babu malami, babu ɗan'uwa, babu saurayi da ke da ikon taɓa shi ko neman ganinsa, kuma duk wanda ya ce mata kada ki gaya wa babanki, to ba sonta yake yi ba, farautarta yake yi.

Hannunta ya tsaya cak a cikin kusoshin. Ya jawo kujerarsa kusa.

"Jiya kin yi mini tambaya na kasa amsawa. Akwai irin uban nan, Tsuntsuwa. Bai iya magana kamar na fim ba, amma ga shi a gabanki. Duk abin da ya faru, ni ne naki."

Ta kifa kai a kan benci ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa. Ya bar ta ta yi, hannunsa a kafaɗarta. Da ta lafa sai labarin ya fito a gutsuttsure.

Wani mutum ne mai shagon gyaran waya kusa da makarantarsu. Ta kai wayarta ya canza mata sikirin, ashe ya ɗauki lambarta. Da gaisuwa ya fara, sai yabo, yana ce mata ta fi sa'o'inta hankali. A lokacin tana cikin damuwa a kan wasu abubuwa da take gani a jikinta, tana tsoron ko wani ciwo ne, ba ta da wanda za ta tambaya, shi kuma duk abin da ta tambaya yana da amsa. Daga nan ya ce abin da ke tsakaninsu sirri ne. Ya nemi hotonta, ta tura masa na yau da kullum, cikin yunifom. Sai ya nemi wani iri daban, ta ƙi, don ta tuna a wasan Anti Sista, tun kafin a hana kallo, an nuna yadda irin mutanen nan ke yi mataki-mataki. Da ta yi bulokin ɗinsa ya biyo ta wata lamba, ya ce ko ta zo ɗakinsa ko ya haɗa fuskarta da mummunan hoto ya watsa a makaranta, ya kuma turo wa babanta duk hirarsu.

"Ban je ba, Baba. Wallahi ban je ba. Sori, Baba."

Jinin Injiniya ya tafasa har yana jin bugunsa a kunne. Idonsa ya sauka a kan gudumar da ke rataye, ƙafarsa ta motsa da kanta. Sai ya ga yarinyar ta zuba masa ido tana karanta fuskarsa, ya haɗiye wutar. Ya ce mata ba ta da abin ba da haƙuri, shi ne ya bar ta da tambayoyi har wani ya samu ƙofa. Ya ce ta yi jarumtar da manya da yawa ba su iya ba, kuma ya gode da ta gaya masa. Ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, sannan a hankali ta tambaya ko za a iya kiran Anti Sista.

Sista ta iso ba da jimawa ba. Ta rungume yarinyar, ta ce kada a goge ko saƙo ɗaya, ta nuna musu yadda za su adana komai, sannan su uku suka tafi ofishin 'yan sanda, sashen da ke kula da yara. Da aka kama mutumin, aka buɗe wayoyinsa, ashe ba Tsuntsuwa kaɗai ba ce. Akwai wasu 'yan makarantar, kuma ba dukansu ne suka tsira kamar ita ba. A barandar ofishin Injiniya ya ga iyaye na kuka suna cewa ba su taɓa zato ba, ya riƙe hannun 'yarsa gam.

Da labari ya kai wa Yaya Babba, ta shigo gidan kamar guguwa. Ta ce ai ga irinta nan, wasan banza ya buɗe wa yarinya ido har ta san hira da maza. Ta ce kuma wane irin rashin tunani ne a kai magana wajen hukuma, maimakon a rufe ta a cikin gida? Injiniya, wanda bai taɓa mayar mata da magana ba, ya ce mata cikin ladabi rufewar ce ta kawo su nan, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ta juya kan Tsuntsuwa ta ce, ita da ta raine ta kamar 'yar cikinta, me ya hana ta zo ta gaya mata?

Yarinyar ta dubi babanta, ya gyaɗa mata kai.

"Na zo, Goggo. Ranar da na fara ganin jini na tambaye ki, kika miƙo mini audugar mata kika ce in rufe baki, yarinyar kirki ba ta irin wannan tambayar. Shi kuma da na tambaye shi bai ce in rufe baki ba. Wasan nan ne ya sa na gane shi, ba shi ya kai ni ba."

Yaya Babba ta nemi kujera ta zauna. Sai hawaye suka zubo mata, ba irin na ranar sharaɗi ba. Ta ce ita ma haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta, ta ɗauka shiru garkuwa ne. Ta jawo yarinyar jikinta tana shafa kanta, tana cewa ki yafe mini, 'yata. Tsuntsuwa ta ƙanƙame ta, suka yi kukan tare, Injiniya ya fita tsakar gida don kada a ga nasa.

Ba a ɗauki lokaci ba Yaya Babba da kanta ta ce ya kai ta wajen matar nan. Ta hau benen tana haki tana mita a kan masu gina matakala, ta zauna, ta sha ruwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da noƙe-noƙe ba. Ta ce ta yi wa Sista mummunar fahimta, ta janye sharaɗinta, kuma ƙaninta ya rame, a taimaka a aure shi kafin ya ƙone wa mutane talabijin. Sista ta durƙusa ta gaishe ta kamar ba a taɓa yin komai ba, ta ce ai wanda ya tsare yaro da tsoro da wanda ya tsare shi da bayani duk ƙauna ce ta sa su, hanya ce kawai ta bambanta. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Aka ɗaura aure ba tare da wata hayaniya ba. Sista ta tare da kwamfutarta da farin allonta, Tsuntsuwa ta dawo da surutunta har ya ninka na da, tana ba amarya shawarar yadda 'yan makaranta ke magana da gaske, wai na cikin wasan sun cika tsufa.

Bayan tarewar da ɗan lokaci, wata safiya Injiniya zai fita aiki ya jiyo muryar yayarsa a kicin, ƙasa-ƙasa, abin da bai san ta da shi ba. Magana take yi wa Sista a kan 'ya'yanta maza biyu, waɗanda gemu ya fara tsiro musu, kullum kansu a cikin waya. Ta ce ta yi ta tunani, mutumin nan da aka kama shi ma ɗan wata ne, wataƙila shi ma ba wanda ya taɓa zaunar da shi. Ta ce ubansu ya ce shi ba zai iya ba, to ita za ta iya, a gaya mata kawai ta ina ake farawa.

Injiniya ya leƙa ya ce in ana neman ƙwararre ga shi nan, amma shawara ɗaya zai bayar, kada a fara da wayar lantarki. Yaya Babba ta ɗaga masa ludayi ta ce ya wuce aikinsa, sannan ta ƙara da cewa ya biyo da yamma ya ja mijin nata gefe, don ba za ta yi zaman nan ita kaɗai ba. Ya ce an gama, ya fita yana dariya.

Haka haƙurin Sista ya kai ta ga abin da take so ba tare da ta sayar da gaskiyarta ba, haka kuma Injiniya ya gane kunyar da ke hana uba magana da ɗansa ba tarbiyya ba ce. Wasan talabijin na iya ƙwanƙwasa ƙofa, amma iyaye ne ke buɗewa. Yaro ba ya zama da tambaya a cikinsa. In ba a amsa masa a gida ba, zai kai ta inda za a amsa, mai amsawa a waje kuwa ba kyauta yake yi ba.